KUƊIN LEAP A ƘAUYUKAN AREWA: INA SUKE SHIGA?

Ranar wata kasuwar Bolga da hantsi na tsaya shan shayi a bakin zango, sai na tarar gardama ta yi zafi a kan benci. Abin da ya tayar da ita kuwa, wata motokin ce ta wuce cike da tsofaffin mata 'yan ƙauye, kowacce da ɗan ƙullinta a cinya, wani ya ce daga karɓar kuɗin LEAP suke. Wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ajiye kofinsa ya ce shi dai bai taɓa ganin ɓarnar dukiya irin wannan ba. A ɗauki kuɗi a miƙa wa mutum, bai yi aikin komai ba, ba a kuma ce masa ga abin da zai yi da su ba? Ya ce kafin magariba rabinsu sun ƙare a gidan fito, sauran kuma 'ya'ya maza sun karɓe.

Na ce, "Alhaji, kai da kanka ka bi su ka gani?"

Ya ce, "Tica, ai wannan ba sai an bi ba. Ku 'yan boko komai sai kun ce a kawo takarda."

To, ga takardar na kawo, haɗe da abin da idona ya gani. Shekara goma sha bakwai da ɗoriya ke nan ana raba waɗannan kuɗi a ƙasar nan, an kuma bi sawunsu an auna fiye da sau ɗaya, har a gundumomin da ke maƙwabtaka da mu. Ya kamata mu mutanen zango mu san abin da aka samu, domin akwai gwauraye da marayu namu da abin ya shafa, ko kuma ya kamata a ce ya shafa.

Asalin shirin

LEAP harufan farko ne na sunan shirin da Turanci, ma'anarsa kuwa ƙarfafa wa mutane hanyar samun abinci don yaƙi da talauci. An fara shi a watan Maris na 2008, zamanin Shugaba Kufuor, da gidaje 1,654 a gundumomi 21. Gwamnatocin da suka biyo baya, na NDC da na NPP, babu wadda ta soke shi, sai ma faɗaɗawa, har ya kai wajen gidaje 350,000 a 2023. Ma'aikatar kula da mata da yara da kare marasa galihu ce ke riƙe da shi, ofisoshin jin daɗin jama'a na gundumomi kuma su ne ƙafafunsa.

Ba kowane talaka ake ba ba. Sai gidan ya kasance cikin matsanancin talauci, sa'an nan a cikinsa akwai tsoho mai shekara 65 ko fiye da ba shi da mai tallafa masa, ko mai naƙasa mai tsanani da ba ya iya aiki, ko maraya, ko kuma, tun daga 2015, mace mai ciki ko mai goyon jariri. Tsofaffi da naƙasassu ba a ɗora musu sharaɗin komai. Masu riƙon marayu an rubuta cewa su sa yara makaranta, su yi musu takardar haihuwa da allurar riga-kafi, kada su sa su aikin ƙarfi, amma a aikace ba a bin gida gida ana yanke wa mutum kuɗi don ya saɓa. Saboda haka masu bincike suke lissafa LEAP cikin taimakon da ba shi da sharaɗi. Har wa yau duk wanda ke cikin shirin ana yi masa katin inshorar lafiya kyauta. Wanda ya yi wayo a zamanin da sai ka biya kafin a duba ka a asibiti, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu bari mu zo ga kuɗin, don a nan maganar take. A 2008 ana ba gida sidi 8 zuwa 15 a wata, gwargwadon yawan waɗanda suka cancanta a gidan, ana haɗa na wata biyu a biya. A 2012 aka ninka sau uku. A 2015 aka mai da shi sidi 64 ga mutum ɗaya, 76 ga biyu, 88 ga uku, 106 ga huɗu ko fiye, duk wata biyu. Mai karatu ya ɗauki alƙalami: sidi 64 a raba wa kwana sittin, sidi ɗaya ke nan da 'yan kwabbai a rana. A kan wannan adadi aka tsaya cak har 2023, alhali a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari. A wannan shekara kuɗin wata biyu na tsohuwa ɗaya bai isa ya sayi rabin buhun masara ba. Sai a 2023, lokacin da ƙasa ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka ninka kuɗin, aka sake ninkawa a 2024, a 2025 kuma aka kai shi sidi 320 zuwa 530.

Ƙullin wata tsohuwa

Shekarun baya ina da wani ɗalibi a aji biyar, yaro mai kai, amma da zarar damina ta faɗi sai ya riƙa ɓacewa kwana biyu, kwana uku. Ubansa ya rasu, uwar ta tafi Kumasi aikin ɗaukar kaya a kasuwa, shi da ƙannensa biyu suna hannun kakarsu a wani ƙauye kan hanyar Bongo. Na hau keke na je in ji dalili. Tsohuwar Bafarafara ce, amma ta iya Hausar kasuwa sarai, kamar yawancin tsofaffin yankin nan.

Na same ta tana saƙar kwando a inuwar rumbu. Rumbun kuwa babu komai a ciki. A ƙasarmu ta nan watan Yuni da Yuli su ne watannin yunwa: hatsin bara ya ƙare, geron nan mai saurin nuna da Farafara ke kira naara bai kai yanka ba. Yaron yana zuwa ƙodago ne a gonakin mutane, a ba shi abinci da ɗan abin da zai kawo gida.

Bayan an sa gidan cikin LEAP na sake komawa, na ce, "Mma, kuɗin nan da kika karɓa, me kika yi da su?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, su ma suka tambaye ni me zan yi da su kafin su ƙare?"

Sa'an nan ta lissafa mini da yatsu. Da farko ta biya mai kanti bashin sabulu da gishiri da kananzir. Ta auni masara kwano kaɗan. Ta sayi ciyawar saƙa, domin ciyawar da ake yin kwandon Bolga da ita daga kudu ake kawo ta, kuma in ba ka da kuɗin sayenta sai dai ka karɓa a hannun dillali ka saƙa masa a farashin da ya ga dama. Ta sayi kaza ɗaya ta sa mata ƙwan zabi. Abin da ya saura, sidi kaɗan, ta kai gudummawa gidan makokin wata maƙwabciya.

Wannan na ƙarshe shi ne wanda irin su Alhaji za su kira almubazzaranci. Ni ma a lokacin sai da na ɗaga gira. Amma ta ce mini shekara uku ke nan ba ta kai ko ƙwayar dawa gidan makoki ko suna ba, har ta daina zuwa don kunya. Wanda ba ya kai wa mutane, ranar da nasa ya same shi wa zai kawo masa? Ranar da ɗakinta ya rushe da damina, wa zai zo ya taya ta gini? A ƙauye wannan gudummawa ita ce inshora, kuma da sidi kaɗan ta sake sayen wurin zamanta a cikin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wani jami'i ne ya zauna a ofis a Ankara ya tsara mata yadda za ta kashe kuɗin, da makoki bai shiga lissafi ba, da ciyawar kwando ma ba ta shiga ba.

Yaron bai daina fashin makaranta gaba ɗaya ba, kada in yi ƙarya. Amma ya ragu ƙwarai, ya kuma gama firamare.

Abin da masu bincike suka auna

Tsohuwa ɗaya ba hujja ba ce, na sani. To, ga abin da aka samu da aka auna gidaje masu yawa.

Binciken farko an yi shi tsakanin 2010 da 2012, cibiyar ISSER ta Jami'ar Ghana da ke Legon tare da Jami'ar North Carolina ta Amurka. Ba a arewa aka yi shi ba, a jihohin Brong Ahafo da Volta da ta Tsakiya ne. Sakamakonsa ya ba mutane da yawa mamaki: abincin da gidajen ke ci bai ƙaru ba. Amma da aka duba dalili, sai aka ga abu biyu. Na ɗaya, kuɗin sun yi kaɗan, kusan kashi 11 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa, tsadar kaya kuma ta zaftare su zuwa wajen kashi 7. Na biyu, ba sa zuwa kan lokaci. A cikin wata 24 na binciken, kuɗin wajen wata 20 ne suka shiga hannun mutane, su ma a hargitse: a yi wata da watanni shiru, sa'an nan a haɗa biya uku a zube lokaci ɗaya. Wanda bai san ranar da kuɗi za su zo ba ba zai ƙara awon tuwon yau don su ba. In sun zo a dunƙule sai ya biya bashi, ya ajiye wani abu, ya yi wa dangi ihsani, kuma abin da aka tarar mutane sun yi ke nan. An kuma ga yara sun rage fashin makaranta da maimaita aji, manyan yara sun fi shiga sakandare, mafi yawan gidajen kuma sun sami katin asibiti.

Bincike na biyu shi ya fi kusa da mu. A 2015 aka buɗe wani reshe na shirin mai suna LEAP 1000, da taimakon UNICEF da hukumar agaji ta Amurka, don mata masu ciki da masu goyo. Dubun nan kwanaki ne, watau daga ɗaukar ciki zuwa yaro ya cika shekara biyu, lokacin da in yaro ya tsumbure da wuya ya murmure. An fara da gidaje sama da 6,000 a gundumomi goma na jihar Arewa da tamu ta Upper East. Aka bi gidaje kusan 2,500 daga 2015 zuwa 2017 a gundumomin Yendi, Karaga, Mamprusi ta Gabas, Bongo da Garu-Tempane, ita ta ƙarshen tana kudu da Bawku. Cibiyar binciken lafiya ta Navrongo tana cikin waɗanda suka yi aikin. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce: an ba kowane gida maki gwargwadon talaucinsa, aka ja layi. Sai suka kwatanta gidajen da suka faɗa ƙasa da layin da kaɗan, suka sami kuɗi, da waɗanda suka haura shi da kaɗan, suka rasa. Mu malamai mun san wannan: yaron da ya ci 49 da wanda ya ci 51 kusan kansu ɗaya.

A wannan karo an biya kuɗin a kan kari, kuma an ga bambanci a tukunya. Gidajen da ke karɓa sun fi kashe kuɗi a kan abinci, mata sun fi yin ajiya, masu katin asibiti sun ƙaru. An kuma tarar yawan duka da zagi da mata ke sha a hannun mazansu ya ɗan ragu. Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya ya san yawancin faɗan miji da mata da safe a kan kuɗin cefane ne. Tsoron da wasu suka yi cewa mata za su riƙa haihuwa don a ba su kuɗi, binciken bai ga alamarsa ba.

Amma abin da aka kafa reshen dominsa, watau hana yara tsumburewa, bai samu ba. Tsayin yaran da nauyinsu bai bambanta da na maƙwabtansu ba. A ganina wannan ba abin mamaki ba ne. Kuɗin ba su kai kashi 15 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa ba, gidajen Dagomba da Kusasi kuwa manya ne, tukunya ɗaya baki goma. Daɗin daɗawa, yaron da ke shan ruwan tafki yana zawo duk wata, ko an ƙara masa koko ba zai zauna a jikinsa ba. Masanan da suka bi irin waɗannan shirye-shirye a ƙasashen Afirka da dama sun ce sai taimakon ya kai kamar kashi 20 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa kafin a ga canji mai faɗi. A Zambiya, inda aka fara ba iyayen ƙananan yara kuɗi a 2010, adadin ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu, yana kuma zuwa kan lokaci, sai aka ga mutane sun ƙara abinci, sun faɗaɗa gona, sun sayi dabbobi.

Batun fito kuwa, a 2014 wasu masana biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara bincike 19 daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka a kan ko irin wannan taimako yana ƙara shan giya da taba. Kusan ko'ina amsar ita ce a'a, a wasu wurare ma raguwa ya yi. Ba na musun cewa akwai tsohon da zai karɓi nasa ya zarce gidan fito. Akwai ma'aikacin gwamnati ma da ke yin haka ranar albashi, ba a kuwa ce a soke albashi ba.

Littafin bashin Alhaji

Na koma wurin Alhaji mai hatsi wata rana, ba don gardama ba, awo na je yi. Ina tsaye wata tsohuwa ta zo, suka yi magana ƙasa ƙasa, ya sa yaronsa ya auna mata dawa kwano uku, ta tafi ba ta ba da ko kwabo ba. Ya buɗe wani tsohon littafin makaranta ya rubuta.

Na ce, "Alhaji, ashe kana ba da bashi?"

Ya ce, "Wannan ai tana da katin nan. In an biya su za ta kawo. Ba ta taɓa saɓawa ba."

Na yi shiru, shi ma ya gane abin da shirun ke nufi, ya ce in ɗauki awona in ba shi wuri.

Wannan shi ne amfanin da ba a cika lissafawa ba. Katin ya mai da tsohuwar mutum mai lamuni. Kafin a biya ta ma, ta riga ta ci amfanin kuɗin. Su kuma kuɗin ba Ankara suke komawa ba: suna shiga aljihun mai hatsi, mai niƙa, mai man kaɗe, mai motokin, ɗan ƙodagon da aka ɗauka ya yi wa tsohuwa noma. Masanan hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi lissafi cewa kowane sidi ɗaya na LEAP yana iya juyawa ya zama har sidi biyu da rabi a cikin ƙauye, in kuma kayan sayarwa ba su ƙaru ba farashi ya tashi, ya tsaya a wajen ɗaya da rabi. Lissafin masana ne, ba ƙidaya ba, amma ya nuna cewa yawancin ribar tana faɗawa ne hannun waɗanda ba sa cikin shirin, su ne masu abin sayarwa. A garuruwan arewa kuwa, su wane ne masu awo da kanti da mota? Mu ne da yawa daga ciki.

Sai dai lamunin nan a kan ranar biya yake rataye. In aka yi jinkirin wata biyu, wata uku, Alhaji zai rufe littafinsa, kuma ba za a ga laifinsa ba, shi ma bashin dillalai ke kansa. Tsohuwa sai ta sayar da zabbin da ta fara tarawa, a watan da kowa ke sayar da nasa, farashi ya faɗi. Jinkirin biya ɗaya yana iya cinye abin da biya uku suka gina.

Nisa ma yana cin nasa rabo. Da farko ma'aikatan gidan waya ne ke kai kuɗin, daga 2016 aka koma katin e-zwich mai aiki da zanen yatsa, bankunan karkara suna zuwa da na'ura. Wannan ya rage hannun da kuɗi ke bi. Amma wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare, yana koyarwa a ƙasar Gwanja bayan Salaga, ya ce mini a can ƙauyuka a warwatse suke, da damina rafuka su yanke hanya, tsohuwa sai ta ɗauki ɗan babur zuwa da dawowa, wani lokaci da ɗan rakiya, kafin ta isa gida an gutsure wani kaso mai kauri. In na'ura ta ƙi karanta yatsan da fartanya da saƙa suka goge, sai a ce ta dawo. A Bawku kuma, tun da rikici ya sake tashi a ƙarshen 2021 aka yi ta sa dokar hana fita da ta hana hawan babur, kowace tafiya ta ƙara tsada da haɗari, kasuwar da za a kashe kuɗin ma ta ragu.

'Yan'uwanmu na Nijar sun gwada wata hanya. Bayan farin 2009, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba wa gidaje a ƙauyuka 96 na jihar Tawa jaka 22 ta sefa duk wata har wata biyar a 2010. Wasu an ba su a hannu, wasu ta wayar salula. Kuɗi ɗaya ne, amma gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri iri, yaransu sun fi samun ci. Dalilin da masu binciken suka kawo shi ne matan ba su ɓata yini a hanya da layi ba, kuma kuɗin sun shigo ba tare da duk gari ya gani ba, sai mace ta fi samun bakin magana a kan yadda za a kashe su.

Inda kuɗi kaɗai ba su isa ba

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a zuba kuɗi kawai talauci ya gudu. A binciken zaman gidaje na ƙasa na 2016 da 2017, talakawa kashi 23.4 ne cikin ɗari a Ghana baki ɗaya, amma a jiharmu 54.8, a jihar Arewa ta lokacin 61.1, a jihar Wa 70.9. Damina ɗaya muke da ita, ƙasa ta gaji, in an buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso kuma ruwa ya shafe gonakin bakin kogi. Sidi biyar a rana ba za su gyara wannan ba.

Akwai gwaji biyu da aka yi a nan arewa da suka nuna iyakar abin. A na farko, wanda aka soma a 2009, Dean Karlan da Christopher Udry tare da masanan Legon sun ba wasu manoma tsabar kuɗi, wasu kuma inshorar ruwan sama, watau in ruwa ya yi ƙaranci ko ya yi yawa a biya su. Waɗanda aka yi wa inshora su ne suka fi faɗaɗa gona da sayen taki. Ashe abin da ya fi ɗaure manomi ba rashin jari kaɗai ba ne, tsoron ya zuba abin da yake da shi ruwa ya ɗauke ne. A na biyu an ba wasu gidaje matalauta awaki kawai aka tafi, wasu kuma aka haɗa musu da horo, da ɗan kuɗin abinci a watannin yunwa, da asusun ajiya, da mai zagayowa yana duba su. Bayan shekaru, masu cikakken haɗin ne suka ci gaba, masu awaki kawai ba su yi nisa ba. Abin da na fahimta daga duka biyun shi ne talaka yana bukatar abin da zai dogara da shi ya san ba zai zame ba, kafin ya yi ƙarfin halin saka ɗan abin hannunsa a wata sana'a. LEAP yana iya zama wannan madogara, in yana da kauri kuma an san ranarsa.

Mu fa, mutanen zango?

Ana zaɓen masu karɓa ne mataki mataki: gunduma, sa'an nan ƙauye ko unguwa, sa'an nan a bi gidaje da takardar tambayoyi. Da me aka yi rufin ɗaki, mutum nawa ke kwana a ciki, akwai lantarki, akwai rediyo ko keke, ina ake ɗiban ruwa. Na'ura ce ke haɗa maki. Wannan ya fi a bar wa mai unguwa ko ɗan siyasa ya rubuta sunayen nasa, amma yana da makanta. Gwauruwar zango da ke ɗaki ɗaya na haya a gida mai rufin kwano da fitilar lantarki da famfo a ƙofar gida, a takarda ta fi ta ƙauye. A zahiri ba ta da gona, ba ta da kaza, ba ta da bishiyar kaɗanya ko ɗorawa, in ba ta sayar da koko da ƙosai yau ba babu abin ɗorawa a murhu. Mu kuma muna da tamu matsalar: kunya. Tsohuwar Bahaushiya za ta kwana da yunwa amma in baƙo ya zo da takarda ta ce masa alhamdu lillahi, komai lafiya. Wasu kuma da sun ga ma'aikatan rajista sai su rufe ƙofa, suna tsoron a tambaye su asalin kakanninsu.

Gwamnati ta yi rajistar gidaje ta ƙasa, wadda aka fara daga jihar Wa aka zo tamu, kuma daga irin wannan rajista ake ɗebo sunaye. Gidan da ba a rubuta ba ba ya cikin lissafi. Sarakunan zango da limamai da shugabannin mata su ne ya kamata su san lokacin da masu rajista za su shigo, su raka su ɗakunan da suka sani. Wanda ke da tsoho ko maraya ko naƙasasshe da yake ganin ya cancanta, ya je ofishin jin daɗin jama'a na gundumarsa ya tambaya, ya tafi da asambuliman na unguwa in da hali. Shiga shirin ba a biyan ko sisi, ba kuma wanda ke da haƙƙin cire wani abu daga kuɗin ranar biya. Katin asibiti kyauta ne, amma yana mutuwa in ba a sabunta ba, tsofaffi da yawa kuwa sai sun je asibiti da zazzaɓi suke jin labarin nasu ya mutu.

Tsohuwar kan hanyar Bongo ta rasu da rani, shekara biyu da suka wuce. Na je gaisuwa, gidan cike da mutane. Jikan nata yanzu yana koyon walda a nan Bolga, ƙanwarsa tana sakandare. Zabbin da aka fara da kaza ɗaya, ya ce mini sun kai sha huɗu kafin ciwon kaji ya kashe rabi, sauran kuma aka sayar aka yi mata makoki.